A Bayyana Sunan Lauyan, A Sakaya Sunan Yaron

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu, musamman lauyoyi da alƙalai da 'yan jarida, zuwa ga wani lamari da ba a cika tattauna shi ba, wato halin da ƙananan yara suke shiga idan lauyan da ya cuce su ya gurfana a gaban kwamitin ladabtarwa na sana'arsa. Abin da nake son in kare a wannan wasiƙa shi ne cewa jama'a suna da haƙƙin sanin lauyan da ya ci amana da abin da ya aikata da hukuncin da aka yi masa, amma ba su da wata buƙata ta sanin yaron da aka ci amanarsa, kuma alhakin rufa wa yaron asiri yana kan hukumar da ke gudanar da shari'ar tun daga takardar farko da aka rubuta, ko an roƙe ta ko ba a roƙe ta ba.

Zaman ladabtar da lauya ba shari'ar laifi ba ce, domin ba a ɗaure kowa a cikinsa. Abin da ake dubawa shi ne ko mutumin ya cancanci ya ci gaba da riƙe amanar jama'a, kuma hukuncin yakan kasance gargaɗi, ko dakatarwa na wani lokaci, ko soke lasisin aiki baki ɗaya. Yara suna shigowa cikin irin wannan zama ta hanyoyi da yawa fiye da yadda ake zato. Akwai yaron da mota ta buge aka biya shi diyya, lauyansa ya ajiye kuɗin a hannunsa ya cinye. Akwai marayun da aka damƙa wa lauya kula da dukiyar gadonsu ya yi wadaƙa da ita. Akwai yaran da iyayensu suka rabu ana jayayya kan wanda zai riƙe su, lauyan ɗaya ɓangaren ya tona sirrinsu ko ya tsoratar da su domin su canza magana. Mafi muni kuma shi ne lauyan da ya yi amfani da kusancin da aikinsa ya ba shi ya yi lalata da 'yar wanda yake wakilta, ko da yaron da kotu da kanta ta naɗa shi ya kare. A duk waɗannan, ba za a iya tabbatar da laifin lauyan ba sai an ba da labarin yaron, kuma labarin yakan ƙunshi rahoton likita da takardun makaranta da sirrin gida wanda ko dangi na kusa ba su sani ba.

Ba na cikin masu son a mayar da waɗannan zaman cikin duhu, domin an gwada hakan an ga illarsa. A Amurka, inda a kusan kowace jiha kotun ƙolin jihar ce ke da ikon ladabtar da lauyoyinta, an daɗe ana yin komai a asirce, har wani kwamiti ƙarƙashin tsohon alƙalin Kotun Ƙoli Tom Clark ya fitar da rahoto a 1970 yana cewa halin da ake ciki abin kunya ne. A 1992 wani kwamitin na ƙungiyar lauyoyin ƙasar, wanda aka fi sani da kwamitin McKay, ya ba da shawarar a buɗe wa jama'a ƙofa, saboda ya gano cewa ɓoye-ɓoye ne ke sa mutane zargin lauyoyi da rufa wa junansu asiri. A yau, a yawancin jihohin ƙasar, da zarar an shigar da tuhuma a hukumance, takardun sukan zama a buɗe ga kowa. A Ingila ma kotun ladabtar da lauyoyi tana zama ne a bainar jama'a, tana kuma wallafa hukunce-hukuncenta. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma uwar da ke neman lauya domin ya kare ɗanta tana da cikakken haƙƙin ta bincika ta ga ko an taɓa dakatar da shi saboda cutar da wani yaro.

Sai dai waɗanda suka yi fafutukar buɗe ƙofar sun yi tunaninsu ne a zamanin da takardar shari'a take kwance a cikin fayil a ofishin magatakarda, inda sai mutum ya niƙi gari ya je ya nema kafin ya gani. Yanzu hukuncin kwamiti yana hawa intanet a ranar da aka yanke shi, shafukan tara bayanan shari'a su kwafe shi, injunan bincike su haddace shi. Lauyan da aka dakatar na shekara biyu zai gama wa'adinsa ya koma aiki, amma yarinyar da aka ambaci sunanta tana da shekara 13 za ta kai 25 tana neman aiki ko tana shirin aure, duk wanda ya rubuta sunanta a waya ya ci karo da mafi munin abin da ya taɓa faruwa da ita. Ta haka hukuncin wanda aka zalunta ya fi na azzalumin tsawo. Illar kuma ba ta tsaya kan yaro guda ba, domin iyayen da suka ga yadda aka tona asirin 'yar wani ba za su kai nasu ƙorafin ba, kuma kwamitin da ba a kawo masa ƙorafi ba shi da hanyar kama lauyan da ke ci gaba da ɓarna.

Wani zai ce ai dokoki sun riga sun tanadi kariya ga yara, kuma gaskiya ne sun tanada. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ta ce a sashe na 3 a fifita maslahar yaro a duk matakin da kotu ko hukumar gudanarwa za ta ɗauka game da shi, a sashe na 16 kuma ta hana yi wa sirrinsa kutse. A 2005 majalisar ta amince da wasu ƙa'idoji na musamman kan yaran da aka zalunta da waɗanda suka ba da shaida, waɗanda suka nemi a taƙaita fitar da duk wani bayani da zai sa a gane yaron. A Amurka, wadda ba ta tabbatar da waccan yarjejeniya ba, akwai dokar tarayya ta 1990 da ta ce a shari'ar laifi a kotun tarayya a rufe duk takardar da ke ɗauke da sunan yaron da aka ci zarafinsa, sannan tun daga Disambar 2007 ƙa'idojin kotunan tarayya suka wajabta a rubuta haruffan farko na sunan ƙaramin yaro kawai, a kuma rubuta shekarar haihuwa ba tare da rana da wata ba. Matsalar ita ce yawancin waɗannan tanade-tanade an rubuta su ne da kotu a zuciya, kotun laifi ko ta iyali, shi kuwa kwamitin ladabtarwa yana da nasa ƙa'idojin daban. Saboda haka yana yiwuwa alƙalin kotun laifi ya yi iya ƙoƙarinsa ya sakaya sunan yarinya, bayan wata shida kuma mai gabatar da ƙara a kwamitin ladabtarwa ya ɗauko rahoton 'yan sanda na wannan shari'ar ya liƙa shi a bayan takardar tuhuma a matsayin hujja, da sunan da adireshin da komai.

Ko da an bi ƙa'idar haruffan farko, ina ganin an yi wa kai daɗin baki ne kawai. A ɗauka hukunci ya fito yana cewa wadda aka ci zarafinta ita ce A.B., mai shekara 14, 'yar matar da lauyan ya wakilta a shari'ar rabuwar aure a watan kaza na shekara kaza, kuma abin ya faru ne a ofishinsa bayan ya ɗauko ta daga makarantar da aka ambaci sunanta. Babu sunan yarinyar a ko'ina, amma an faɗi sunan lauyan, an faɗi garin, kuma a sakin layi na gaba an rubuta cikakken sunan mahaifiyar saboda ita babba ce, ƙa'ida ba ta hana ba. Malamin ajinta zai gane ta kafin ya kai ƙarshen shafi, haka ma maƙwabciyar da ta san matar tana da 'ya guda mai irin waɗannan shekaru, haka ma 'yan ajinsu waɗanda ɗaya daga cikinsu zai tura wa sauran. Mutanen da yarinyar take tsoron su sani su ne waɗanda suke ganinta kullum, kuma su ne ba sa buƙatar suna kafin su gane. Wata masaniyar kwamfuta a Amurka, Latanya Sweeney, ta nuna a 2000 cewa da lambar yankin gidan waya da jinsi da ranar haihuwa kaɗai za a iya ware kusan kashi 87 cikin 100 na mutanen ƙasar ɗaya bayan ɗaya. Idan abubuwa uku sun isa a ƙasa mai ɗaruruwan miliyoyin mutane, to me ake tsammani a cikin abokan hulɗar lauya guda?

A nan dokar Ingila da Wales ta 1992 ta fi hangen nesa. Ta ba wanda ya yi zargin an yi masa laifin lalata kariyar sakaya suna har tsawon rayuwarsa, kuma abin da ta hana shi ne wallafa duk wani bayani da zai iya sa jama'a su gane shi, wanda ya haɗa da adireshi da makaranta da wurin aiki da hoto. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata kwamitocin ladabtarwa su ɗauka. Mai rubuta hukunci ya tambayi kansa ko wanda ya san iyalin zai gane yaron daga abin da aka rubuta, idan amsar e ce, ya ci gaba da ragewa. A kira yaron da lamba ko da harafin da ba shi da alaƙa da sunansa, a sakaya sunan iyaye da 'yan uwa tare da nasa, a ce yana ƙasa da shekara 16 maimakon a faɗi shekarunsa daidai, a bar sunan makaranta da asibiti. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai rage wa mai karatu fahimtar girman laifin lauyan.

Akwai kuma sakaci na aikin hannu, wanda yake kama da ƙaramin abu amma shi ne ya fi yawan tona asiri. Ma'aikaci yakan ja baƙin layi a kan suna a cikin takardar kwamfuta ya ɗauka ya goge shi, alhali rubutun yana nan a ƙarƙashin layin, duk wanda ya kwafe shafin ya liƙa a wani wuri zai karanta shi tsaf. A Janairun 2019 lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump, sun yi wannan kuskuren a wata takarda da suka shigar kotun tarayya, 'yan jarida suka karanta abin da aka so a ɓoye a ranar. Idan manyan lauyoyi a shari'ar da duniya ta zuba wa ido sun faɗa wannan rami, ƙaramin ofishi mai ma'aikata kaɗan ba zai tsira ba sai an koya masa. Suna yakan kuma maƙale a saman hoton saƙon waya, ko a jikin takardar banki ta asusun da aka ajiye diyyar yaron, ko a sunan fayil ɗin da kansa, ko a cikin rubutaccen bayanin zaman inda wani shaida ya yi suɓul da baka sau ɗaya a shafi na 200. Ya kamata a samu mutum na biyu da aikinsa shi ne ya bi kowace takarda kafin ta hau intanet.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan matakin farko shi ne magana zarar bunu ce. A 1975 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Cox Broadcasting, inda wani gidan talabijin a jihar Jojiya ya ambaci sunan wata yarinya 'yar shekara 17 da aka yi wa fyaɗe ta rasu, bayan wakilinsa ya ga sunan a takardun tuhuma da ke buɗe a kotu. Mahaifinta ya kai ƙara, amma kotun ta ce ba za a hukunta kafar yaɗa labarai ba saboda ta faɗi gaskiyar da ta samu a takardun da hukuma da kanta ta buɗe wa jama'a, kuma idan ana son kare sirrin mutane, hanyar ita ce hukuma ta guji sanya shi a cikin irin waɗannan takardu tun farko. Dokokin wasu ƙasashe sun bambanta da wannan, amma a zamanin da kowa yake da waya a hannu, ko ina ne sakamakon ɗaya ne: abin da ya fita ya fita, kuma umarnin da kwamiti zai bayar bayan mako guda ba zai goge kwafin da aka riga aka yaɗa ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wato tambayar wanda ke ɗauke da nauyin neman kariyar. Ƙa'idojin da ƙungiyar lauyoyin Amurka ta tsara domin jihohi su yi koyi da su sun ba kwamiti damar ba da umarnin kare sirri idan wani ya nema kuma ya kawo dalili mai ƙarfi. A kan takarda wannan yana da kyau, amma a duba wanda ke zaune a ɗakin. Lauyan da ake tuhuma yana da nasa lauyan, hukumar tana da mai gabatar da ƙara, shi kuwa yaron shaida ne kawai, ba ɓangare ba ne a shari'ar, kuma sau da yawa babu wanda ke magana da yawunsa. Mahaifiyarsa, wadda lauya guda da ta taɓa amincewa da shi ne ya ci amanarta, ba ta san akwai irin wannan umarni ba, balle ta san lokacin da ake nemansa. Kariyar da sai an roƙa tana isa ne ga iyalin da ke da ilimi da kuɗin ɗaukar wani lauyan, ta bar yaran da suka fi buƙatarta. Saboda haka ya kamata a juya lamarin: sakaya sunan ƙaramin yaro ya zama doka da ke aiki da kanta, wanda yake son a bayyana shi ne zai kawo hujja.

Na san abin da masu kare lauyan za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Mutumin da ake shirin raba shi da sana'arsa yana da haƙƙin ya san abin da ake tuhumarsa da shi da wanda ke tuhumarsa, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar a shari'ar Ruffalo ta 1968 cewa dole a sanar da lauya tuhumar da ake yi masa yadda ya kamata kafin a hukunta shi. Amma babu wanda ya ce a ɓoye wa lauyan sunan. Shi da mai kare shi da 'yan kwamiti za su riƙe cikakken kwafi, su yi wa shaida tambayoyi, su ƙalubalanci kowace hujja, kwafin da za a ba jama'a ne kawai za a tace. Haka ma batun zauren zama. A 1982, a shari'ar jaridar Globe, kotun ta soke dokar jihar Massachusetts da ta wajabta fitar da jama'a duk lokacin da yaron da aka yi wa lalata zai ba da shaida, amma ta bar wa alƙali damar rufe zaure idan ya auna yanayin wannan yaron ya ga akwai buƙata. A 1990 kuma ta amince yaro ya ba da shaida ta na'urar bidiyo daga wani ɗaki idan ganin wanda ake tuhuma zai firgita shi har ya kasa magana. Idan shari'ar laifi, inda 'yancin mutum ne a kan sikeli, ta iya ɗaukar wannan sassauci, zaman ladabtarwa ba shi da uzurin ƙin ɗaukarsa. Kuma idan kotun laifi ta riga ta samu lauyan da laifi, hukuncinta ya wadatar a matsayin hujja, babu dalilin sake kiran yaron ya maimaita labarinsa a gaban wasu baƙin fuskoki.

Haɗarin da nake tsoro daga ɗaya ɓangaren shi ne fakewa da guzuma a harbi karsana, wato lauyan ya nemi a rufe shari'ar gaba ɗaya, har da nasa sunan, bisa hujjar wai yana kare yaron. Kada kwamiti ya yarda da wannan cikin sauƙi. Inda abin yake da wuya na gaske shi ne idan yaron ɗan gidan lauyan ne, ɗansa ko agolansa, domin a nan ambaton lauyan tare da alaƙar daidai yake da ambaton yaron. Kundin ƙa'idojin editocin jaridun Birtaniya ya samo wa wannan mafita mai hankali: a ambaci babban, kada a ambaci yaron, kuma kada a rubuta komai da zai nuna dangantakar da ke tsakaninsu. Hukuncin zai ce an soke lasisin lauya wane saboda laifin lalata da ƙaramin yaro, ya tsaya nan. Jama'a sun samu gargaɗin da suke buƙata, cikakken bayanin kuma yana nan a rufe ga kotun ɗaukaka ƙara idan an je can.

Tsofaffin hukunce-hukuncen da aka ɗora a intanet shekarun baya ma suna buƙatar a koma musu, a kuma buɗe hanya mai sauƙi, wadda ba ta buƙatar ɗaukar lauya, da mutum zai rubuto ya ce a cire sunansa. Kariyar kuma kada ta ƙare ranar da yaron ya cika shekara 18, domin a lokacin ne ma take fara yi masa amfani. Idan ya girma ya zaɓi ya fito ya ba da labarinsa da bakinsa, wannan haƙƙinsa ne, kuma dokar Ingila ta yarda wanda ya kai shekara 16 ya janye kariyar a rubuce bisa raɗin kansa.

Daga ƙarshe, ranka ya daɗe, ina da roƙo gare ka da abokan aikinka. Idan hukuncin kwamitin ladabtarwa ya zo teburinku ɗauke da sunan yaro ko bayanan da za su nuna shi, kada ku ɗauki sakacin hukuma a matsayin izini. Ku buga sunan lauyan da laifinsa da hukuncinsa a shafin farko idan ya cancanta, ku bar unguwa da makaranta da sunan iyaye, ku kuma duba abin da sauran jaridu suka riga suka wallafa, domin bayanin da kuka ƙara zai iya zama shi ne guntun da ya rage a haɗa a gane yaron. Sannan ku kira ofishin da ya fitar da takardar ku sanar da su kuskuren a ranar, domin su sauke ta su gyara kafin ta bazu.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku